Rikicin katin sadarwa a Linux

Rikicin katin sadarwa a Linux matsala ce da ke tasowa idan katin da ke haɗa kwamfuta da sauran kwamfutoci ya yi karo da wata na'ura ko wata manhaja a kan abin da ɗaya kaɗai ya kamata ya riƙe. Abin da ake rikici a kai yana iya zama layin da katin ke kiran furosesa da shi, ko adireshin da ake yi masa magana ta ciki, ko direban da ke sarrafa shi, ko ma sunan da tsarin ya san shi da shi. Alamar da aka fi sani ita ce kwamfuta ta gane katin, fitilarsa ma ta kama, amma saƙo ba ya fita, ko kuma ya fita amsa ba ta dawowa.

A shekarun 1990 wannan matsala tana cikin manyan abubuwan da ke hana sabon mai amfani da Linux shiga intanet. Kwamfutocin yau sun kawar da mafi yawan asalin matsalar, amma sunan bai mutu ba, sai dai abin da ake nufi da shi ya sauya. Abin da mutum zai kira rikici a kwamfutar 1996 karo ne na waya da lambobi. A kwamfutar yanzu galibi direbobi biyu ne ke jayayya a kan kati ɗaya. Wanda ya ɗauko maganin wancan zamani ya shafa wa ciwon wannan yakan ɓata kwanaki a banza.

Abin da kati ke buƙata daga kwamfuta

Katin sadarwa ba ya aiki shi kaɗai. Akwai wata ƙaramar manhaja a cikin jigon Linux, wato ɓangaren da ke hulɗa kai tsaye da kayan ƙarfe, wadda ake kira direba. Ita ce ke karɓar fakitin bayanai daga manhajoji ta miƙa wa katin, ta kuma ɗebo wanda ya shigo. Domin direba da kati su fahimci juna, sai an ware wa katin wasu abubuwa.

Na farko shi ne adireshin shiga da fita, wato jerin lambobin da furosesa ke rubuta umarni a ciki ko ya karanta amsa. Ana rubuta su da lissafin goma sha shida, kamar 0x300. Na biyu shi ne layin IRQ, wanda katin ke taɓawa idan yana son furosesa ya dakatar da abin da yake yi ya saurare shi, misali idan fakiti ya iso ko an gama tura wani. Wasu katunan suna kuma neman wani yanki na adireshin memori, wasu tsofaffi kuma suna neman tashar DMA domin su kwashe bayanai zuwa memori ba tare da sun wahalar da furosesa ba.

Bambancin da ke tsakanin na farko da na biyu shi ne mabuɗin fahimtar yawancin alamomin. Ta adireshi ne kwamfuta ke yi wa kati magana. Ta IRQ ne kati ke yi wa kwamfuta magana. Idan adireshi daidai ne amma IRQ ya lalace, direba zai ga katin, ya karanto lambar MAC ɗinsa, ya sanar cewa komai lafiya, alhali katin ya zama kamar wanda ake ji da shi amma aka toshe masa baki.

Zamanin ISA

Kwamfutar IBM PC ta 1981 tana da guntun Intel 8259 guda ɗaya mai kula da layukan IRQ takwas. A 1984, da aka fito da PC/AT, an ƙara na biyu aka ɗaure shi a kan layi na 2 na na farkon. Daga nan lambobin suka zama 0 zuwa 15, amma 15 ne kawai ake iya amfani da su, kuma mafi yawansu suna da masu su tun daga masana'anta. Layi na 0 na agogon tsarin ne, na 1 na allon madannai, na 6 na faifan fulofi, na 8 na agogon da ke riƙe lokaci, na 13 na ɓangaren lissafi, na 14 da na 15 na faifan ajiya. COM1 yana kan 4, COM2 yana kan 3, mashigar firinta tana kan 7, linzamin PS/2 yana kan 12. Abin da ya rage wa katin sauti, katin sadarwa, katin SCSI da duk wani baƙo bai wuce 5, 9, 10 da 11 ba, kuma katin Sound Blaster yakan riga kowa zama a kan 5.

Ƙarancin layuka da ba zai zama babbar matsala ba da a ce ana iya raba su. A tsarin ISA ba a iyawa. Guntun 8259 a wannan tsari yana lura ne da lokacin da wutar layi ta tashi daga ƙasa zuwa sama. Idan kati ɗaya ya riga ya ɗaga layin, kiran na biyu ba zai haifar da wani sabon tashi ba, saboda haka ya ɓace. Ban da haka, katunan biyu kowanne yana tura wutarsa a kan waya guda, ɗaya yana ja sama ɗaya yana ja ƙasa.

Katin da ya fi kowanne shahara da wannan matsala shi ne NE2000 na kamfanin Novell, wanda aka gina a kan guntun DP8390 na National Semiconductor a ƙarshen shekarun 1980. Yana da arha, kuma masana'antu da yawa sun yi ta kwaikwayonsa, har sunansa ya zama sunan jinsin kati gaba ɗaya. Yakan fito daga kwali a kan adireshi 0x300 da IRQ 3. Wannan IRQ 3 kuwa shi ne na COM2, inda mutane da yawa suke sa modem ko linzami. Abin da ya sa matsalar ke da wuyar ganewa shi ne ba kullum take bayyana ba: katin zai yi aiki lafiya har sai an buɗe modem, ko kuma linzami ya riƙa tsalle duk lokacin da ake kwafar babban fayil daga wata kwamfuta.

Adireshin ma yana da nasa tarkon. NE2000 ba lamba ɗaya yake ci ba, 32 yake ci a jere. Wanda aka sa a 0x300 ya mamaye har 0x31F. Wanda ya gudu daga 0x300 ya koma 0x320 ya kai har 0x33F, ya hau kan 0x330, inda mashigar kiɗa ta MPU-401 da katin Adaptec 1542 suke zama. Wanda ya zaɓi 0x360 kuma ya kai 0x37F, ya taka 0x378, gidan mashigar firinta. Mutum yana duba takarda ya ga 0x360 da 0x378 lambobi ne daban, ya ɗauka babu karo, alhali ɗaya yana cikin ɗaya.

Ana sauya waɗannan lambobi ne da hannu. A jikin katin akwai 'yan tsinkayen ƙarfe da ake ɗora wa ƙananan hulunan roba. Inda aka ɗora hular, nan ne zaɓin. Sai an kashe kwamfuta, an buɗe ta, an zaro katin, sannan a matsar da hular. Akwai wani abin ruɗani a nan: katin da aka rubuta IRQ 2 a jikinsa, a kwamfutar AT da duk waɗanda suka biyo bayanta, kiransa yana fitowa ne a layi na 9, don haka 9 za a gaya wa direba.

Katin ISA irin wannan ba shi da hanyar gabatar da kansa. Direba ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, ko za a amsa. Wannan laluben yana da haɗari, domin abin da yake gaisuwa ga wani kati yana iya zama umarni ga wani. NE2000 ya yi ƙaurin suna wajen sandarar da kwamfuta gaba ɗaya idan direban wata na'ura ya taɓa adireshinsa a lokacin tashi. Maganin da aka yi amfani da shi shi ne a ba jigon Linux umarni tun daga LILO, manhajar da ke tayar da tsarin a wancan lokaci:

reserve=0x300,32 ether=10,0x300,eth0

Kashi na farko yana hana kowane direba laluben lambobi 32 daga 0x300, na biyu kuma yana gaya wa direban sadarwa cewa katin yana nan, a kan IRQ 10. Saboda wannan haɗari ne ma jigon Linux na wancan lokaci yake tsayawa da zarar ya sami kati ɗaya. Mai son kati na biyu, misali don ya mai da tsohuwar kwamfuta mai raba intanet, sai ya ƙara ether=0,0,eth1 da kansa. Idan kuma direban ne yana matsayin modul, wato wanda ake lodawa bayan tsarin ya tashi, ana buƙatar a faɗa masa adireshin ƙarara, kamar modprobe ne io=0x300 irq=10.

Yawancin direbobin Ethernet na farko a Linux, har da na NE2000 da na 3Com, Donald Becker ne ya rubuta su. Shi ne kuma, tare da Thomas Sterling, ya haɗa rukunin kwamfutoci na Beowulf na farko a cibiyar Goddard ta hukumar NASA a 1994, aikin da ya dogara kacokan a kan katunan sadarwa masu arha su yi aiki yadda ya kamata. Paul Gortmaker kuma ya daɗe yana kula da takardar Ethernet-HOWTO, wadda ta tattara dabarun kati bayan kati.

Katin 3c509 na 3Com, wanda aka sani da EtherLink III, ya rabu da hulunan roba. Yana ajiye zaɓinsa a cikin wata 'yar ma'adana a jikinsa, ana kuma sauya shi da manhajar DOS mai suna 3C5X9CFG. Wannan ya rage buɗe kwamfuta, amma ya sa masu Linux da yawa suna ajiye fulofin DOS guda ɗaya don wannan aiki kaɗai. Da Intel da Microsoft suka fito da tsarin Plug and Play na ISA a 1993, wanda Windows 95 ya yaɗa, sai aka sami katunan da suke tashi ba su da adireshi ko IRQ sam, suna jiran wani ya ba su. Idan an gaya wa BIOS cewa manhajar da ke kan kwamfutar ta iya wannan rabo, sai BIOS ya naɗe hannu, Linux na lokacin kuma bai iya ba, katin ya zauna a banza. Ana magance wannan da mayar da zaɓin PnP OS zuwa No a cikin BIOS, ko a kashe Plug and Play a jikin katin, ko a yi amfani da pnpdump da isapnp a rubuta rabon a fayil ɗin /etc/isapnp.conf. Sai a jigon 2.4, wanda ya fito a Janairun 2001, wannan aiki ya shiga cikin Linux kansa.

PCI da raba layi

Tsarin PCI, wanda Intel ya gabatar a 1992, ya cire tushen matsalar ta hanyoyi biyu. Kowane kati yana ɗauke da lambar masana'antarsa da lambar samfurinsa, yana kuma faɗin yawan adireshin da yake buƙata, sai BIOS ko Linux ya yanka masa inda babu kowa. Babu sauran lalube. Sannan kiran PCI ba ya dogara da tashin wuta na ɗan lokaci: kati yana riƙe layin ne har sai an biya masa buƙata. Idan na'urori uku suna kan layi ɗaya, jigon Linux yana bin direbobinsu ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya duba ko nasa ne ya yi kira.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake. Mutum ya buɗe /proc/interrupts ya ga katin sadarwa, mashigar USB da katin sauti duk a kan layi na 11, sai ya yanke hukunci cewa ya gano rikicin. A tsakanin na'urorin PCI wannan ba laifi ba ne, haka aka tsara. Raba layi yana zama matsala ne idan ɗaya daga cikin masu rabon katin ISA ne, ko kuma idan ɗaya daga cikin direbobin yana da aibi.

Shekarun da kwamfutoci ke ɗauke da gurabun ISA da na PCI a allo ɗaya su ne suka fi rikitarwa. BIOS ba ya ganin tsohon katin ISA mai hulunan roba, don haka yana iya ɗaukar IRQ 10 da katin ke kai ya ba wani katin PCI. Sai mai kwamfuta ya shiga shafin PNP/PCI na BIOS ya sa wa wannan lamba alamar Legacy ISA kafin a zauna lafiya.

Matsalar PCI ta kanta ita ce ta taswira. Kowane gurbi yana da layuka huɗu, INTA zuwa INTD, kuma yadda aka ɗaura su da guntun da ke karɓar kira ya danganta da wanda ya ƙera babban allon. Linux yana sanin wannan ne daga teburan da BIOS ke miƙa masa, musamman na ACPI, tsarin da ya fito a 1996. Idan teburin ya yi kuskure, katin zai yi kira a layi ɗaya, direbansa yana saurare a wani. Daga ɓangaren direba, kira bai zo ba. Daga ɓangaren layin da ake ta bugawa kuwa, kira yana ta zuwa babu mai amsawa. Jigon Linux yana ƙirga irin wannan: idan cikin kira 100,000 aka sami fiye da 99,900 da babu direban da ya ce nasa ne, sai ya rubuta saƙon irq 11: nobody cared, ya biyo da Disabling IRQ #11, ya rufe layin. Duk na'urar da ke kan wannan layi za ta shiga wahala tare da mai laifin, shi ya sa wani lokaci katin sadarwa ke mutuwa saboda aibin da ke cikin katin sauti.

Akwai kalmomin da ake ƙara wa jigon a lokacin tashi domin gwaji. pci=noacpi yana sa a bar teburin ACPI wajen rabon IRQ; noapic yana sa a koma tsohon tsarin 8259 a bar sabon guntun IO-APIC, wanda yawanci ke da layuka 24; irqpoll yana sa jigon ya riƙa zagaya direbobi yana tambaya ko da kira bai zo ta inda ake zato ba; acpi=off yana kashe ACPI ɗungurungum. Waɗannan kayan bincike ne. Idan ɗaya ya sa katin ya farfaɗo, ya nuna inda ciwon yake, amma barin acpi=off a kwamfutar zamani yana iya hana ta sarrafa batir, ko ganin dukan ƙwayoyin furosesa, ko ma kashe kanta. Gyaran da ya fi dacewa shi ne sabunta BIOS ko jigon, kuma a kwamfutar tebur sau da yawa mayar da katin wani gurbi ya isa, tunda kowane gurbi da yadda aka ɗaura layukansa.

Daga PCI 2.2 aka shigo da MSI, inda kati ke yin kira ta hanyar rubuta ɗan saƙo a wani adireshi maimakon taɓa waya. MSI yana ba na'ura ɗaya har kira 32, MSI-X kuma har 2048, kuma ba a raba su da kowa. Katunan PCI Express na yanzu kusan duka da wannan suke aiki. Wasu tsofaffin alluna ba su iya MSI da kyau ba, kuma pci=nomsi ne ke tona su.

Direbobi biyu, kati ɗaya

A kwamfutar da aka ƙera cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce, idan an ce rikici, mafi yawan lokuta wannan ake nufi. Linux yana zaɓar direba ta hanyar duba lambar kati. Idan direbobi biyu suka ce sun san lambar, wanda ya riga lodawa shi ke kama katin, ko da ba shi ya fi dacewa ba.

Tsohon misali shi ne Realtek RTL8139, mai lamba 10ec:8139. Direbobin 8139too da 8139cp duka suna amsa wannan lamba, amma 8139cp na samfurin C+ ne kaɗai. Wannan ya zo da sauƙi, domin idan 8139cp ya ga ba nasa ba ne yakan janye, ya bar saƙo cewa a yi amfani da 8139too. Mutane da yawa sun tsorata da wannan saƙo alhali ba ya nuna wata matsala.

Wanda ya fi damun mutane shi ne dangin RTL8111 da RTL8168, masu lamba 10ec:8168, waɗanda ke manne a jikin alluna masu yawan gaske. Jigon Linux yana da direban r8169 da ke ɗaukarsu, kamfanin Realtek kuma yana fitar da nasa mai suna r8168. Wanda ya sa r8168 bai hana r8169 lodawa ba, bai sauya komai ba. Haka lamarin yake ga katunan Wi-Fi na Broadcom, inda direban kamfanin mai suna wl ke karo da b43, brcmsmac, bcma da ssb na cikin jigon.

Ana hana direba lodawa ta hanyar rubuta layi kamar blacklist r8169 a wani fayil mai ƙarewa da .conf a cikin /etc/modprobe.d. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne mataki na gaba. Tsarin yana tashi ne da wani ƙaramin ƙunshi mai suna initramfs, wanda ke ɗauke da kwafin wasu direbobi da saitunansu. Idan ba a sake gina shi ba, tsohon direba yana iya lodawa daga can kafin a karanta sabon fayil. A Debian da Ubuntu ana yin update-initramfs -u, a Fedora dracut -f, a Arch mkinitcpio -P. Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen: direban da ba na cikin jigon ba sai an sake gina shi duk lokacin da aka sabunta jigon, kuma idan Secure Boot yana kunne ana iya ƙin loda shi saboda rashin sa hannu. A wannan hali an hana na ciki, na waje kuma bai hau ba, kwamfuta ta tashi babu katin sadarwa ko ɗaya. Saboda haka sauya r8169 da r8168 ba abin da ake yi don an ga wani ya yi ba ne. R8169 ya sami gyare-gyare masu yawa, kuma shawarwarin da aka rubuta shekaru goma baya ba lalle su dace da jigon yau ba.

Wani lamari da ba a saba gani ba ya faru a 2008, lokacin gwajin jigon 2.6.27. Wani aibi a ftrace, kayan bin sawun ayyukan jigon, ya sa ana rubutu a adireshin memori da aka riga aka ba wa ma'adanar wasu katunan Intel masu amfani da direban e1000e. Abin da ke cikin ma'adanar ya lalace, katunan suka daina aiki ko da an sake kunna kwamfuta ko an sauya manhaja. An ɗauki makonni ana zargin direban kafin a gano ainihin mai laifi.

Rikicin suna

Idan kwamfuta tana da kati biyu, sunayen eth0 da eth1 suna bin wanda direbansa ya riga gama shiri, kuma wannan yana iya sauyawa daga tashi zuwa tashi. A kwamfutar da ke tsare ƙofar wata ma'aikata, musanyar sunaye tana nufin dokokin da aka rubuta don waje sun koma kan cikin gida. An fara magance wannan da fayil ɗin 70-persistent-net.rules na udev, wanda ke ɗaure suna da lambar MAC. Daga systemd 197, a Janairun 2013, aka koma sunayen da ke bin mazaunin kati, kamar enp3s0. Su ma ba su tsira gaba ɗaya ba: ƙara katin hoto ko faifan NVMe yana iya sauya lambobin PCI, enp3s0 ya wayi gari enp4s0, saitunan da aka rubuta da tsohon suna su daina aiki. Mai shi zai rantse sabon katin ya yi karo da na sadarwa, alhali suna ne kawai ya matsa.

Yadda ake bincike

Ana farawa daga ƙasa ne a hau sama, ana tambayar a wane mataki katin ya yi shiru. Umarnin lspci -nnk yana nuna ko kwamfuta ta ga katin, da lambarsa, da direban da ya kama shi, da sauran waɗanda za su iya kama shi. Idan katin bai fito a nan ba, babu direban da zai taimaka. A duba ko an kashe shi a BIOS, ko bai zauna daidai a gurbinsa ba. Katin USB kuma lsusb ne ke nuna shi. Idan ya fito amma babu direba a kansa, ko kuma an jera biyu, an san inda za a dosa.

Daga nan sai dmesg, inda jigon ke rubuta abin da ya gani. Saƙon NETDEV WATCHDOG tare da transmit timed out yana nufin an ba katin fakiti bai ba da rahoton gamawa ba. Direbobin dangin NE2000 sukan faɗi zarginsu kai tsaye da Tx timed out, lost interrupt? Idan kuma an yi ƙoƙarin tayar da katin aka sami SIOCSIFFLAGS tare da Device or resource busy, ko Try again a tsofaffin tsare-tsare, to direba ya nemi IRQ ya tarar wani ya riƙe shi.

Gwajin da ya fi kowanne amfani shi ne na /proc/interrupts. Kowane layi yana da ƙidayar kiran da aka karɓa. A duba lambar da ke gaban katin, a tura ping zuwa wata kwamfuta, a sake dubawa. Idan lambar tana hawa, hanyar kira lafiya take, a nemi matsalar a wani wuri. Idan ta tsaya cik, musamman a kan sifili, kiran katin ba ya isowa. Sai dai a kula: direbobi da yawa ba sa karɓar IRQ sai an tayar da katin da ip link set, haka ma mashigar COM ba ta bayyana sai wata manhaja ta buɗe ta. Layin da ya zama kamar babu kowa a kansa yana iya kasancewa da mai shi, yana barci ne kawai. Fayilolin /proc/ioports da /proc/iomem suna nuna rabon adireshi, amma su ma abin da direbobi suka yi rajista kaɗai suke nunawa. Tsohon katin ISA da ba a loda direbansa ba yana nan a kan adireshinsa ko da ba a gan shi a jerin ba.

Idan an kai ga gwada gyara, abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a rubuta shi. Wanda ya ƙara noapic, ya sauya gurbi, ya hana direba, duk a tashi ɗaya, ko katin ya yi aiki bai san abin da ya gyara shi ba. Cire duk katunan da ba dole ba, sannan a mayar da su ɗaya bayan ɗaya, tsohuwar dabara ce da har yanzu take aiki. Tayar da kwamfutar daga filashin wani nau'in Linux mai sabon jigo yana raba tsakanin laifin kati da laifin saiti cikin mintuna kaɗan. Matsalar da ke cikin duk wannan ita ce kwamfutar da ake gyarawa ba ta da intanet ɗin da za a sauko da gyaran. Haɗa ta da wayar Android ta kebul ɗin USB yakan fitar da mutum, tunda direban wannan yana cikin jigon.

Abubuwan da ke kama da rikici

Kebul da ya lalace, ko mashigar rauta da ta mutu, suna ba da alamomi masu kama da na rikici, kuma ethtool yana nuna ko an sami haɗi da gudun da aka daidaita a kai. Katunan Wi-Fi da yawa suna buƙatar wata manhaja da ake loda musu daga /lib/firmware. Idan babu ita, dmesg zai faɗi sunan fayil ɗin da ya nema ya rasa. Umarnin rfkill list yana nuna ko maɓallin jikin kwamfutar tafi-da-gidanka ne ya kashe rediyon.

A kwamfutar da ke ɗauke da Windows da Linux tare, direban Windows yana iya barin katin, musamman na Realtek, a wani hali da Linux zai tarar babu haɗi. Tsarin Fast Startup da ya zo da Windows 8 a 2012 ya ƙara yawan wannan, domin ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya. Kashe wannan zaɓi a Windows, ko zare wutar kwamfutar na ɗan lokaci, yakan dawo da katin. Tanadin wuta na PCI Express ma yana sa wasu katunan su riƙa ɓacewa suna dawowa, kuma pcie_aspm=off ne ake gwadawa don a tabbatar.

Ragowar ISA

Ƙa'idojin PC 99 na Microsoft da Intel sun nemi masana'antu su daina sa gurbin ISA, kuma cikin 'yan shekaru ya ɓace daga kwamfutocin gida. A 2013 an cire direbobin wasu tsofaffin katunan ISA daga jigon Linux, ciki har da 3c501 na 3Com. Tsarin ya ci gaba da rayuwa a allunan masana'antu na PC/104, inda har yanzu ana saita adireshi da IRQ da hannu. Manhajar QEMU kuma tana kwaikwayon NE2000 a siffar ISA da ta PCI, kuma masu tayar da tsofaffin tsare-tsare a cikinta sukan sake cin karo da buƙatar faɗa wa direba io=0x300.